Mu Leƙa Duniya: Kafin Ki Biya Kuɗin Kallon Masu Gadin Sarkin Ingila

 

Wata wasiƙa ce ta sa na ajiye abin da na shirya mana a makon nan. Ɗaliba ce 'yar aji biyar daga Zariya ta aiko ta. Yayanta zai kammala digiri a wata jami'a a Ingila cikin watan Yuli, kuma mahaifinsu ya ce da ita za a je bikin. Kwana ɗaya tak za su yi a Landan kafin su wuce garin da jami'ar take. Da yake ita ce mai son tarihi a gidan, sai Baban ya ɗora mata nauyin zaɓar yadda za su ga Fadar Bakingham da faretin canjin masu gadinta, ya kuma faɗa mata iya kuɗin da zai kashe. Ta duba tallace-tallacen masu yi wa baƙi jagora, ta tarar kowa yana cewa nasa ya fi. Ta ce: "Yaya, idan na zaɓi wanda bai dace ba kuɗin Baba ya tafi, ranar ma ta tafi, kuma ƙannena ba za su taɓa barin maganar ta mutu ba."

Na san wani a cikinku zai ce, mu da ko Abuja ba mu taka ba, ina ruwanmu da gidan Sarkin Ingila? Ku yi haƙuri ku biyo ni, can gaba zan dawo da ku gida.

Ƙanwata, ga abu na farko da masu talla ba sa son rubutawa da manyan baƙaƙe: kallon faretin kyauta ne. Ba a sayar da tikitinsa. A harabar gaban fada ake yin sa, tsakanin ginin da wani dogon shingen ƙarfe, jama'a kuma suna tsaye a waje kan titin gwamnati. Wanda ya biya fam ɗari da wanda bai biya ko sisi ba, duk bayan shingen nan suke tsayawa.

Ni ban san haka ba a zuwana na farko. Na biya wani kamfani da ya rubuta "ziyarar fada da canjin masu gadi", ni kuma a raina na ɗauka har falon sarki za a kai ni. Muka taru mu kusan arba'in bayan wani mutum mai ɗaga lema. Muka iso a makare, wuri ya cika maƙil. Abin da na gani ranar bai wuce ƙeyar mutane da wayoyinsu a sama ba, sai saman baƙaƙen huluna yana wucewa can nesa. Da aka watse na tambaye shi yaushe za mu shiga ciki. Ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasan takardar da na biya, wanda ya ce daga waje ne kawai. Gaskiyarsa. Ni ne ban karanta ba.

To, idan kallon kyauta ne, me mutum yake saya a wurin jagora? Abu biyu: sanin inda za a tsaya a kowane minti, da sanin ma'anar abin da ido yake gani.

Mu fara da wurin tsayuwa, domin a nan baƙi suka fi yin asara. Faretin ba a wuri ɗaya yake faruwa ba. Masu gadin da za su sauka daga aiki, wani ɓangarensu yana Fadar St James, wata tsohuwar fada da ke kusa. Daga can suke fitowa su bi ta wani faffaɗan titi mai jan daɓe da ake kira The Mall, su haɗu da 'yan'uwansu a Bakingham. Masu karɓar aikin kuwa a Barikin Wellington suke yin sahu, a duba kayansu, sannan su taho da 'yan badujala a gabansu. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ake haɗuwa a harabar fada, kuma abin yakan ɗauki kamar minti 45. A ciki ne hafsoshin ɓangarorin biyu suke yin wata gaisuwa da take nuna an miƙa makullan fada.

Kin ga ke nan wanda ya manne a jikin shinge tun ƙarfe goma zai ga tsakiyar abin, idan ya yi sa'ar samun gaba, amma ba zai iya motsi ba, kuma mafi yawan lokacin sojojin a tsaye suke ƙyam. Wanda ya tsaya a bakin The Mall ko a gefen bariki kuwa, sojojin za su wuce ta gabansa kamar ya miƙa hannu ya taɓa su, ya ji ƙarar takalmansu da ganguna a ƙirjinsa. A ganina wannan ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba. Jagora na ƙwarai zai kai ku St James ku ga fitowa, ya ratsa da ku ta cikin lambu ku tari masu zuwa daga bariki, duk kafin cunkoso ya rufe hanya. Wannan aikin ƙafa ne da sauri. Saboda haka ki tambayi kanki ko Baba zai iya, domin na ga dattawan da aka bari a baya suna haki.

Sai ma'anar abin da ake gani. A ido ɗaya duk sojojin iri ɗaya ne, jar riga da doguwar baƙar hula. Alhali runduna biyar ce ta sojojin ƙasa suke karɓa-karɓar wannan gadi, kuma a jikin maɓallan rigarsu ake gane su. 'Yan rundunar Grenadier maɓallansu ɗai-ɗai suke a jere. Na Coldstream bibbiyu. Na rundunar Sikotlan uku-uku, na Ailan huɗu-huɗu, na Wales biyar-biyar. Haka ma tuntun da ke gefen hula: fari ne ga Grenadier, ja ga Coldstream, shuɗi ga 'yan Ailan, fari da kore ga 'yan Wales, 'yan Sikotlan kuwa ba su da shi sam. Hular da fatar beyar ake yin ta, wata dabbar daji mai yawan gashi, kuma daga Kanada ake samo ta. Rundunar Coldstream tun 1650 take, ta Wales kuwa a 1915 aka kafa ta, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Kuma kada jar rigar ta ruɗe ki, ki ɗauka 'yan wasan kwaikwayo ne. Sojoji ne na gaske, waɗanda ake turawa fagen yaƙi, bindigogin hannunsu ma irin na aiki ne. Idan mutum ya tare musu hanya tsawa za su daka masa, ba za su kauce ba.

Ki ɗaga kai ki dubi tutar da ke saman ginin. Idan tutar Birtaniya ce da kowa ya sani, sarki ba ya ciki. Idan wata ce mai ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, da hotunan zakuna, to mai gidan yana nan. Kin lura? Yanzu na ba ki rabin abin da jagora zai faɗa miki, ban karɓi ko kwabo ba. Ina so ki gane cewa ɗalibar da ta yi karatun dare biyu kafin tafiya ta rage wa kanta buƙatar jagora sosai.

Shiga cikin fadar kuwa magana ce daban, da tikitinta daban. Ginin yana da ɗakuna 775, amma 19 ne ake buɗe wa jama'a, wato manyan zaurukan da ake karɓar baƙin gwamnati, ciki har da ɗakin gadon sarauta. A lokacin zafinsu ake buɗewa, daga cikin watan Yuli zuwa Satumba. Wannan al'ada ba ta daɗe ba. Sarauniya Biktoriya ce ta fara zama a fadar a 1837, amma sai a 1993 aka fara barin talaka ya biya ya shiga, domin a tara kuɗin gyaran Fadar Winsa da gobara ta ci a 1992. Hukumar da ke kula da kayan tarihin masarautar, Royal Collection Trust, ita ke sayar da tikitin, kowane da lokacin shigarsa a rubuce. A bakin ƙofa za a ba ki wata 'yar na'ura da abin sawa a kunne, tana yi miki bayani ɗaki bayan ɗaki, kuma kuɗinta yana cikin na tikitin. Ba a ɗaukar hoto a cikin zaurukan. Na faɗa miki tun yanzu don kada ki yi wa ƙawayenki alkawarin da ba za ki cika ba.

Tunda a Yuli za ku je, ki fara duba ranar da za a buɗe a bana, ki kwatanta da ranar da za ku kasance a Landan. Haka shi ma faretin ba kullum ake yin sa ba. Rundunar sojan tana fitar da jadawalin ranakun, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana sa a fasa, wani lokaci ana dab da farawa. Landan kuwa ba ta da alkawari a kan ruwa.

Wannan ya kawo mu ga tambayoyin da za ki yi kafin Baba ya ciro kati. Idan an fasa faretin, ana mayar da kuɗi ko kuwa yawo kawai za a yi da ku a cikin lambu? Mutum nawa ne a ayarin? In sun haura ashirin, na baya ba ya jin komai sai in an raba abin sawa a kunne. Tikitin shiga ciki yana cikin kuɗin, ko "fada" da suka rubuta bangonta suke nufi? Ki nemi a nuna miki amsar a rubuce. Sannan ki tambayi ko jagoran yana da shaidar aikin. A Ingila akwai masu shuɗin lamba da ake kira Blue Badge, waɗanda sai sun yi dogon horo sun ci jarrabawa ake ba su. Kuɗinsu ya fi yawa, amma ba za su cika ki da tatsuniya ba. Akwai kuma masu cewa yawonsu kyauta ne. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai a ƙarshe ana sa ran kowa ya ba da abin hasafi, kuma abin kunya ne mutum ya bi su awa biyu ya sulale.

Da ni ce ke, da kuɗin nan ƙayyadadde da kwana ɗaya, ga yadda zan yi. Zan sa kuɗin a tikitin shiga ciki, na bayan azahar, in saye shi kai tsaye daga hukumar fadar. Da safe kuma ni zan zama jagorar gidanmu. Mu isa The Mall kafin goma da rabi, mu tsaya kusa da inda titin da ya fito daga Fadar St James ya shigo, mu ga masu sauka sun wuce, sannan mu taka a hankali zuwa wajen babban gunkin tunawa da Sarauniya Biktoriya da ke gaban fada, mu jira fitowarsu bayan an gama. Idan kuma ranarku ta faɗo kafin a buɗe cikin fadar, to nan ne kuɗin jagora zai yi amfani: ki nemi ƙaramin ayari, mai shaidar aiki, wanda zai yarda ya rage sauri saboda dattijo. In cunkoson ya fi ƙarfinku, akwai masu gadi na kan dawakai a filin Horse Guards, tafiyar 'yan mintuna daga nan. Su ma suna canjin gadi da safe, mutane ba su kai na Bakingham yawa ba, kuma ga ɗan ƙasar Hausa kallon doki ba ya gundura.

Yanzu ku da kuka yi haƙuri, mu dawo gida. Ranar da na tsaya ina ƙirga maɓallan sojan Ingila sai kunya ta kama ni, domin na sha wucewa ta gaban Gidan Rumfa a Kano, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina tun ƙarni na 15, ban taɓa tambayar kowa komai ba. Wannan fada ta girmi Bakingham da ɗaruruwan shekaru. Dogaranmu masu ja da kore suna da shugabansu, Sarkin Dogarai, kuma a fada akwai Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, kowa da aikinsa da wurin tsayuwarsa. Kakaki da algaita da tambari kowanne da lokacin da ake jin sa. A hawan Sallah jerin hakimai ba a kan son rai yake ba, akwai tsarin wanda ke gaba da wanda ke bi. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, amma nawa ne a cikinmu za su iya bayyana wa baƙo bambancin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa?

Don haka idan makarantarku za ta kai ku yawon buɗe ido fadar Kano, ko Zazzau, ko Katsina, ko Damagaram, tambayoyin ɗalibar nan naku ne ku ma. Za a shiga ciki ko a ƙofa za a tsaya? An rubuta wa fada takarda an sami izini? Wa zai yi bayani, mutumin fada ne ko direban mota? Ranar ta dace da zaman fada, lokacin da za ku ga dogarai a bakin aikinsu? Ku sa shugaban ɗalibai ya tambayi malamin da ke shirya tafiyar, cikin ladabi, kafin a fara karɓar kuɗin mota. In Kano ce, ku roƙa a fara biyawa da ku ta Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke daf da fadar, domin abin da za ku gani a can zai sa ku fahimci na fada.

Ke kuma ƙanwata ta Zariya, Allah ya kai ku lafiya, ya sa yayanki ya amfana da karatunsa. Ki sa takalmi marar tsini, ki riƙe lema da gorar ruwa. In kin dawo ki rubuto mana ki faɗa mana maɓalli nawa-nawa kika ƙirga a rigar waɗanda suka wuce ta gabanki, za mu buga wasiƙarki a nan.