Idan ka tura a-kori-kura gida, ka haɗa da bayanin maɓallin jan kaya

Duk Juma'a idan aka sallame a Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, hirar 'yan uwanmu 'yan kasuwa ba ta cika wuce ta kwantena da canjin kuɗi ba. 'Yan shekarun nan an ƙara da ta motoci: wane ya sayi a-kori-kura ƙirar Great Wall, wane ya tura JAC ko Foton gida don aikin gona. Hakan ya yi, tunda China da Najeriya da Nijar duk hannun dama ake bi. Abin da ke damuna shi ne a sayi mai giyar otomatik, a damƙa wa direban da giyar hannu kaɗai ya sani, littafin motar kuma da Sinanci.

Ni malamar jinya ce, kanikanci ba fannina ba ne. Amma na yi aiki a ɗakin haɗari kafin in baro gida, na kuma sha jin direba yana cewa “birki ne ya ƙi”. Shi ya sa nake ganin maganar nan ta shafe ni.

A motocin ɗaukar kaya da dama, musamman na Amurka irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado, akwai maɓalli mai rubutun Tow/Haul, wato na jan tirela ko ɗaukar lodi. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Lokacin canjin giya yake sauyawa. A tafiyar yau da kullum kwamfutar motar tana saurin hawa babbar giya don a rage shan mai. Da buhunan masara a baya, wannan saurin matsala ne: ta hau babbar giya, nauyi ya danne ta, ta sauko, ta sake hawa. Wannan kai-kawo shi ke dafa man giya, zafi kuwa shi ke kashe giyar otomatik. Idan aka danna maɓallin sai motar ta daɗe a ƙaramar giya, injin ya ɗaga murya, ta ja kayanta ba kokawa.

Inda ya fi amfani shi ne gangara. Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da nake nufi. Direban giyar hannu ya san ya sa giya ta biyu inji ya riƙe masa mota. A otomatik sai ya bar ta a D ya kwanta kan birki tun daga sama, birkin ya yi zafi har ya daina kamawa. Da maɓallin a kunne, yana taɓa birki motar za ta sauko da giya da kanta, inji ya karɓi wani ɓangare na aikin.

Na san abin da za a ce: mai. Tun da aka cire tallafi a 2023, ba direban da ke son jin injinsa na kuka. Gaskiya ne yana ƙara sha, don haka idan mota ba kaya a kashe shi. Amma Alhaji, ka kwatanta 'yan litocin nan da kuɗin sabuwar giya, balle kuɗin ɗaurin karaya.

Kuma don Allah kada a ɗauke shi lasisin lodi. Nauyin da kamfani ya ƙayyade yana nan yadda yake, ko an danna ko ba a danna ba, kuma saman buhuna ba wurin zaman fasinja ba ne.

Kafin motar ta shiga kwantena, ka sa dillali ya nuna maka ko tana da wannan tsari, ka ɗauki bidiyo, ka yi wa direba bayani da Hausa. In ba ta da shi, ya koyi sauko da giya da hannu ta M ko S ko L, gwargwadon abin da ke jikin sandar giyar. Ka kuma gaya masa cewa a motoci da yawa tsarin yana kashe kansa idan aka kashe inji, sai ya sake dannawa bayan ya tsaya sallah ko shan mai.