"PES 2025" ɗin da ke wayarka ya girmi ƙaninka

1/ Jiya a wani gidan game a Gwarzo saura kaɗan a ba hamata iska. Wani yaro ya rantse PES 2025 ne a kan PS2 ɗin shagon, hujjarsa ga Mbappe da rigar Madrid. Na ce ba shi ba ne, aka ce hassada nake. To ku gyara zama.

2/ PES na ƙarshe da Konami ya fitar wa PS2 shi ne PES 2014, a ƙarshen 2013. Haka ma PSP, wanda kuke bugawa a waya da PPSSPP. A PS3 kuwa an tsaya a PES 2018. Duk abin da ya haura nan, ba daga kamfani ya fito ba.

3/ Kai, sunan PES ɗin ma ya mutu. Tun Satumbar 2021 ya koma eFootball, kuma kyauta ake sauke shi. Babu wani abu wai shi PES 2025 a duniyar nan.

4/ Me ke wayarka kenan? Tsohon game ne wasu gwanaye suka buɗe cikinsa, suka canja riguna, fuskoki da sunaye. Gudu, fasin, yadda gola ke faɗuwa, duk na da ne. Shi ya sa dabarar da yayanka ke cin ƙwallo da ita shekara goma baya har yau tana ci.

5/ Ni ban raina masu wannan aiki ba, wallahi sun iya. Ba don su ba, da wa zai ga Osimhen a Galatasaray a kan PS2? Kuɗin PS5 ba wasa ba ne, ga rashin wuta, ga man janareto.

6/ Faɗana da mai turawa ne. A Kabo wani mai shagon caji ya karɓi kuɗin ƙanina sau uku cikin shekara ɗaya: "sabo ya fito". Na duba, game ɗaya ne, hoton farko kawai aka sauya. Yaron da ke tara kuɗin tara don wannan! Ka ce masa sababbin riguna ne mana, in ya ga dama ya biya.

7/ 'Yan FIFA ku daina dariya. FIFA 19 ne na ƙarshe a PS3, shi ma EA da bakinsu suka rubuta masa Legacy Edition, wato na bara da sababbin 'yan wasa. Sunan FIFA ya ƙare a 23, daga 2023 sai FC 24. "FIFA 24" ɗinku fa daga ina?

8/ Konami ma sun yi: PES 2021 ai 2020 ne aka sabunta. Amma sun rubuta Season Update ɓaro-ɓaro, suka rage farashi.

9/ In an sake ce maka sabo ya fito, karɓi pad ka buga minti biyar kafin ka zaro ko sisi. Mai musu ya same ni Gwarzo ranar Juma'a bayan la'asar, ya zo da wayarsa.