Kada Mu Jefar Da Inji Saboda Sifirin Guda

Duk wanda ya leƙa sito a ma'aikatun gwamnati ko makarantunmu zai tarar da ƙananan injinan yankan ciyawa, irin waɗanda ake ratayawa a kafaɗa, an jingine su ƙura ta rufe, wai sun mutu. Da damina ta kankama, ciyawa ta kewaye ajujuwa da ofisoshi, macizai da sauro suka sami mafaka, sai a rubuta takarda a nemi kuɗin sayen sababbi. Alhali kuwa da dama daga cikin injinan nan rashin kula ne ya kwantar da su, kuma ciwon nasu bai cika wuce wuri biyu ba, wato kabureta da kuloci.

Bari mu fara da kabureta, wadda ke gauraya fetur da iska. Injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, sai dai a haɗa fetur da mai na musamman. Kamfanoni irin su Stihl sun ƙayyade kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita. To, a watan Oktoba in ruwa ya ɗauke, sai a ajiye inji da sauran mai a tanki har wata bakwai ko takwas. Fetur ɗin ya bushe ya bar danƙo a ƙananan hanyoyin kabureta, siririyar robar da ke tura mai kuma ta sandare. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Shi ya sa inji kan ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu da zarar an ba shi wuta. Maganinsa a wanke kabureta, a sake robar, a duba fulogi da matatar mai da ke cikin tanki.

Amma a yi hattara da sukurorin da aka rubuta wa L da H. In aka matse H fiye da kima, mai zai yi wa inji kaɗan, ya yi zafi, fistin ya maƙale. Nan ne ake yin hasara ta gaske.

Kuloci kuwa aikinsa mai sauƙin fahimta ne. Wasu ƙarafa ne da sifirin ke riƙe da su. In gudun inji ya ƙaru, sai su buɗe su kama gangar da ke juya kan yanka. Saboda haka in kan yana juyawa alhali inji na silo, ko dai silon ya yi yawa, ko sifirin ya saki ko ya karye. Wannan kuwa haɗari ne ga ƙafar lebura da ta ɗalibin da ke wucewa. In kuma inji na kuka kan bai juya ba, to ƙarafan sun cinye, ko sandar da ke cikin bututun ta lalace.

Tun da darajar naira ta faɗi a 1986, ta kuma sake faɗuwa a 2023, kayan waje ke ƙara tsada. Wane dalili ne zai sa a sayi sabon inji saboda roba ko sifirin guda? Kuɗin jama'a ne, amana ce.

Don haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu da su sa a riƙa juye mai, a bar inji ya ƙone sauran kafin a ajiye shi, a kuma ɗora alhakin kowane inji a kan mutum ɗaya. Kada a soke inji daga littafin sito sai makaniki ya duba ya sa hannu. Makarantun koyon sana'a su karɓi waɗanda aka jingine, ɗalibai su kwance su gyara, su fita da sana'ar da za ta ci da su. Rigakafi dai ya fi magani.