TAMBAYA TA HALATTA A ABUJA, TA HARAMTA A MINNA?

A farkon watan Agusta na 2025 Gwamnan Jihar Neja, Alhaji Mohammed Umaru Bago, ya ba da umarni a rufe gidan rediyon Badeggi da ke Minna, bisa zargin wai yana tunzura jama'a. Wannan al'amari ya sa ya kamata mu waiwayi aikin wata 'yar jarida ta telebijin, watau Malama Kadaria Ahmed, domin ita ta nuna wa Nijeriya cewa ana iya zaunar da mai mulki a kujera a yi masa tambaya, sama kuwa ba ta faɗo ba.

An haifi Kadaria a Kano a 1967. Ta yi karatu a Jami'ar Bayero, sa'an nan ta ƙaro ilmin aikin telebijin a Goldsmiths ta birnin London, ta kuma yi shekaru tana shirya wa BBC shirye-shiryenta na Afirka da Turanci. Da ta komo gida ta zama edita a jaridar Next ta Ikko, wadda ta daina fitowa a 2011.

Ƙasa ba ta san ta sosai ba sai a watan Maris na 2011, ranar da ta shugabanci muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a telebijin na NN24. Janar Muhammadu Buhari ya zo, Malam Nuhu Ribadu ya zo, Malam Ibrahim Shekarau ya zo, amma Shugaba Goodluck Jonathan bai halarta ba. Masu karatu za su tuna Janar ɗin nan shi ne ya kafa dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita. Yau ga shi tsaye, 'yar jarida tana auna masa lokacin magana, in ya kauce ta komo da shi kan hanya. Yawancin waɗanda suka kalla sun ce Shekarau ya fi kowa iya amsa, amma da aka ƙidaya ƙuri'a ko miliyan ɗaya bai samu ba. Ashe muhawara ba ta cin zaɓe. Amfaninta shi ne talaka ya ji da kunnensa abin da mutum ya yi alkawari.

A watan Janairu na 2019 ta sake shirya wani zama mai suna The Candidates tare da gidan telebijin na ƙasa, NTA. Buhari da Atiku Abubakar duka sun ƙi tsayawa a babbar muhawarar da aka shirya a wannan watan, amma kowannensu ya zo gabanta da mataimakinsa. Ta tambayi Buhari kan hotunan nan da aka zargi Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, da karɓar daloli, alhali kuwa ɗan jam'iyyarsa ne. Da ta matsa wa Atiku da Peter Obi, mutanen PDP suka ce 'yar gwamnati ce. Ba a yi wata uku ba ta fito zanga-zanga a Abuja kan kashe-kashen Zamfara, sai waɗanda suka yi mata tafi jiya suka juya mata baya. Mu dai a ganinmu ɗan jaridar da ɓangarori biyu suka zaga yana kusa da gaskiya.

To, ina ruwan Minna? Ruwanta babba ne. Tun daga 1977 da aka kafa NTA, telebijin na hannun gwamnati ne kaɗai, kuma mai karanta labari abin da aka miƙa masa yake karantawa. Ɗan Minna, Janar Ibrahim Babangida, shi ne ya sa hannu a dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa hukumar NBC ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da telebijin. Ba don ita ba da babu Channels, inda Kadaria ta gabatar da shirinta The Core, da babu Radio Now da ta buɗe a Ikko a 2020, da kuwa babu Badeggi. Garin da ƙofar ta buɗe ta hannun ɗansa, a nan aka nemi garƙame ta.

Sai dai akwai gyara a aikin ita Kadaria da takwarorinta, kuma ba ƙarami ba ne. Duk wannan tambaya da Turanci ake yinta, a manyan otal na Abuja da ɗakunan shiri na Ikko. Mai sayar da doya a Kasuwar Kure, da mai awon hatsi, da ɗan dako, ba su da rabo a ciki sai abin da wani ya fassara musu. Tambayoyinsu kuwa ba na wasa ba ne. Me ya sa manoman Shiroro da Rafi suka bar gonaki saboda 'yan bindiga, har kayan abinci suka yi tsada? Me aka gyara tun bayan sace ɗaliban Kagara da yaran Islamiyyar Tegina a 2021? Yaya jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru take kwana cikin duhu? Wanda zai iya ɗaukar waɗannan ya kai gaban gwamna da harshen da ɗan kasuwa ke ji, ƙaramin gidan rediyo ne na cikin gari, wanda mutum zai buga wa waya daga rumfarsa. Shi ne kuma ya fi saukin murƙushewa, don ba shi da manyan lauyoyi, kuma idon duniya ba ya kansa.

Ba mu ce kowane mai riƙe da makirufo waliyyi ba ne. A jihar da ake zub da jini, magana na iya zama wuta. Ita kanta Kadaria a 2022 ta soki tsohon gidanta, BBC, kan fim ɗin da ya yi hira da shugabannin 'yan bindigar Zamfara, ta ce an ba masu kisa dandali. A wannan shekarar NBC ta ci Trust TV tarar Naira miliyan 5 kan irin wannan shiri. Ana ta gardama a kan hukuncin, har a 2023 wata Babbar Kotun Tarayya ta ce hukumar ba ta da ikon cin tara don ba kotu ba ce. In har hukumar da doka ta kafa an taka mata burki, ina ga gwamna da zai aika 'yan sanda? Ministan Watsa Labarai a lokacin rikicin Badeggi, Alhaji Mohammed Idris, wanda shi ma ɗan Neja ne kuma jam'iyyarsu ɗaya da gwamna, ya faɗa a fili cewa dakatar da lasin gidan rediyo aikin NBC ne.

Zaɓen 2027 zai sake kawo masu neman gwamna cikin Kasuwar Kure da ayarin motoci da maroƙa. Abin da muke nema ga gidajen rediyo da telebijin na Minna shi ne su haɗa kai tun da wuri, su ɗauki tsarin The Candidates su mai da shi Hausa da Nufanci da Gwaranci, kowane ɗan takara da ranarsa, shugabannin 'yan kasuwa da mata masu sana'a a sahun gaba. Wanda ya ƙi zuwa a bar kujerarsa a fili, a faɗi sunansa.