Fayil ya buɗe a ɗakin da aka kira shi

A watan jiya ina taron bidiyo da abokan aiki, ina nuna musu allona, sai wani ya nemi in buɗe jadawalin labaran mako. Na danna fayil ɗin sau biyu. Nan take allon ya zame gefe, ya kai ni ga tagar rubutun da na bari a buɗe tun safe, mai ɗauke da shafuka shida. A goshin ɗaya daga cikinsu akwai sunan mutumin da ya ba ni bayani bisa sharaɗin ba zan ambace shi ba. Daƙiƙa biyu aka yi kafin in rufe. Har yau ban tambayi kowa ko ya gani ba.

Abu biyu ne suka yi karo, kuma kowanne da amfaninsa. Na farko shi ne raba fuskar kwamfuta gida-gida, abin da zan kira ɗakunan aiki: wannan na ofis, wancan na karatu, na uku na harkar gida. Dabarar ta tsufa. Tun 1986 Austin Henderson da Stuart Card na cibiyar Xerox PARC suka bayyana wani tsari mai suna Rooms, wato ɗakuna. Masu Linux sun daɗe da ita, Apple ya kawo Spaces a 2007, Microsoft ya bi sahu da Windows 10 a 2015. Na biyu shi ne shafuka, inda taga ɗaya ke tattara fayiloli da yawa. Ko Notepad, da ya shekara kusan arba'in yana buɗe fayil ɗaya a taga ɗaya, ya samu shafuka a 2023.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan ka danna fayil, kwamfuta tana tayar da manhajar rubutu. Sabuwar da ta tashi sai ta duba ko akwai 'yar'uwarta da ke aiki. In akwai, ta miƙa mata sunan fayil ɗin, ta janye. Tsohuwar ta buɗe shafi, ta nemi a kawo tagarta gaba. To, idan tagar tana wani ɗaki, ko dai a ɗauke ka a kai ka can, ko fayil ɗin ya buɗe a bayan idonka ka zauna kana jira. A duk tafiyar nan babu inda aka tambayi wane ɗaki mai kwamfutar yake zaune.

Ni a ganina wannan kuskure ne na tsari. Wanda ya ware ɗakuna ya riga ya faɗi nufinsa: kayan nan kada su haɗu da na can. Bahaushe bai gina zaure don ado ba. Yana yinsa ne don baƙo ya tsaya a nan. Manhajar da ke jan ka zuwa tsohuwar taga kamar yaron gida ne da aka aika ya kawo wa baƙo ruwa, sai ya kama hannunsa ya shiga da shi har gindin randa.

Ƙa'idar da ta dace ba ta da wuya. In akwai tagar manhajar a ɗakin da nake, a buɗe shafi a cikinta. In babu, a buɗe sabuwar taga a nan.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujja ɗaya mai nauyi: idan fayil guda ya buɗe a tagogi biyu, gyaran da aka adana a ɗaya zai iya shafe na ɗayan. Gaskiya ne, amma wannan ya shafi fayil ɗin da yake buɗe a wani wuri kawai, kuma a nan sai a sanar da ni, in zaɓa. Hujjar cewa manhaja ba ta iya sanin ɗakin da take ba ta tsaya ko'ina ba. Windows ya tanadar wa masu rubuta manhaja hanyar tambayar ko taga tana ɗakin da ake ciki. A tsohon tsarin X11 na Linux ma kowace taga tana ɗauke da lambar ɗakinta. A Wayland ne aka rufe wannan ƙofa da gangan, don kada manhaja ta riƙa leƙen abin da bai shafe ta ba, kuma a can ina yi wa masu aikin uzuri.

Kafin a gyara, akwai maganin wucin gadi. A saitin Notepad na Windows 11 ana iya zaɓar a riƙa buɗe fayil a sabuwar taga. Notepad++ da Visual Studio Code su ma suna da makamancin wannan zaɓi. Sai dai yawanci ko dai kullum shafi ne ko kullum taga, don haka da yamma za ka tarar da tagogi goma sha biyu barbaje. Ni dai tagogin na zaɓa. Sunayen masu ba ni bayani kuma sun koma cikin littafin takarda da ke aljihun jakata.