Aji ɗaya, matakai daban-daban: gyambon da sabuwar manhaja ba ta taɓa ba

A watan Satumban 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage yawan darussan firamare da sakandare domin sauƙaƙa wa ɗalibai nauyi. Matakin abin yabo ne, sai dai har yanzu manhaja tana ɗaukar cewa duk 'yan aji huɗu matakinsu ɗaya. Malamin da ke tsaye gaban allo ya san ba haka ba ne.

A aji guda akwai yarinyar da ke karanta labari tiryan-tiryan, da yaron da har yanzu yake rikita baƙaƙe, da wanda ya ƙware wajen ba da canji a shagon mahaifinsa amma ya kasa rubuta lissafin a takarda. Da yake mai duba makarantu zai tambayi inda aka kai a darussan zango, sai malami ya bi 'yan gaba, sauran kuwa su yi ta kwafar abin da ba su fahimta ba har su kai aji shida. Daga nan iyaye su koma biyan kuɗin darasin yamma.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da wata hanya mai sauƙi. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko harafi yake ganewa, ko kalma, ko cikakken labari, sannan a raba yara rukuni-rukuni bisa iyawarsu na wani lokaci a kullum, ba tare da duba shekaru ko aji ba. Wanda ya ci gaba sai a matsar da shi. An jarraba tsarin a Dawakin Tofa da Wudil a Jihar Kano.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, kuma ba ya wankewa sai malam ya ji ya iya.

Cikas ɗin yana wajen adadi. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, alhali a birane ana samun ajin da ya haura ɗari. Muddin kuma ana auna malami da yawan babin da ya kammala, da wuya ya tsaya jiran yaron da ke kan harafi.