Shafin intanet ya fi buƙatar mai kula da shi

Sana'ata gina shafukan intanet, kuma yawancin masu kirana 'yan yankinmu ne: Bebeji, Kiru, Tudun Wada, jefi-jefi har Doguwa. Masu makarantun kuɗi, ƙungiyoyin manoma, sai 'yan siyasa idan zaɓe ya ƙarato. Tambayarsu ɗaya ce: "Malam, nawa za ka yi mana?" Da wuya ka ji wanda ya tambayi nawa shafin zai riƙa ci duk shekara, kuma ta nan mutuwarsa ke shigowa.

Ginin ba shi da wahala. WordPress, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, kyauta ce, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Yaro mai kwamfuta da data zai ɗauko fasali, ya sauya launi, ya liƙa hoton shugaba, kafin mako ya zagayo an kira taron ƙaddamarwa. Sai dai shafi kamar shagon haya yake: akwai kuɗin suna, akwai kuɗin masaukin da bayanai ke zaune, kowace shekara. In masaukin na ƙasar waje ne, da dala ake biya, kuma bayan sakin naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024. Wanda bai tanadi wannan ba, watan biya na kamawa shafinsa zai ɓace.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mallaka. Wata ƙungiyar masu gyaran shinkafa a wajen Tudun Wada ta kira ni bayan shafinta ya daina buɗuwa. Ashe yaron da ya gina musu da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan, ya tafi bautar ƙasa, ya sauya layi. Wa'adi ya cika, wani ya saye sunan, adireshin da suka buga a jikin buhunansu ya koma tallan caca. Yaron ba mugu ba ne. Babu dai wanda ya ce masa ya miƙa kalmar sirri. Shi ya sa ba na karɓar aiki sai an yi rajista da sunan ƙungiya, shugaba da ma'aji kowa na riƙe da kalmar sirri, kuma an sa kuɗin sabuntawa a kasafi. Na fi son suna mai ƙarewa da .ng, wanda NiRA ke kula da shi, domin da naira ake biya.

Sai nauyi. Mai aiki yana son hotuna masu juyawa da bidiyo a fuskar shafi, ya manta mai karantawa yana Riruwai da ƙaramar waya, ko yana cikin mota a dajin Falgore inda sabis ke ɗaukewa. Kowace ƙaramar manhaja da aka jona tana ƙara nauyi, in kuma aka bar ta ba sabuntawa ta zama ƙofar masu kutse, balle fasalin sata da ake saukowa kyauta.

Wasu za su ce Facebook ya wadatar. Ga mai sayar da rake a Kwanar Dangora na yarda, har nakan ce masa ya riƙe kuɗinsa, WhatsApp ya ishe shi. Ƙaramar hukuma kuwa daban take. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, don haka dandalin wani ba wurin ajiye takardun gwamnati ba ne. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ina son in buɗe shafin .gov.ng na Bebeji ko Kiru in ga kasafin bana da Hausa, da jerin rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa, da sunan ma'aikacin da aka ɗora wa sabunta shi duk wata.